Gaisuwar Baƙo a Ƙofar Gidanmu

Ranar Litinin ce a farkon watan Yuni, damina ta shigo da irin ruwanta mai laushi, wanda ba ya zuba da ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Kayan da Mama ta shanya a cikin ɗaki sun ƙi bushewa, ko'ina warin danshi. Ina zaune bakin ƙofa ina fama da jiƙaƙƙiyar safa sai wayata ta yi ƙara. Malam Ebisawa ne, dillalin da yake nema mana mai sayen gida.

"Rikiya, a zaune kake ko a tsaye?"

"A zaune."

"To kada ka tashi. An samu mai saye. Saura banki ya ce to."

Ku da kuka daɗe kuna bin labarin nan kun san ni, amma saboda wanda yau ya shigo, sunana Kuramochi Rikiya, shekarata ashirin da huɗu. Na bar makaranta ina ɗan sha shida don kujera ba ta iya riƙe ni. Na ɗaura ƙarafan gini, na wanke kwanuka, na kai saƙo a babur, yanzu ina tare da masu kwashe wa mutane kaya idan za su ƙaura. Duk inda na ɗan jima sai ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Abu ɗaya da na shekara biyu ina yi ban fasa ba shi ne zuwa gidanmu na garin Toride karɓar kuɗin haya. Kuma ba kuɗin ne yake kai ni ba.

Baba ya sayi gidan nan da bashin banki tun kafin a haife ni, Mama ta buga hatiminta, wanda a nan shi ne sa hannu, ta tsaya masa. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, muka koma wani ɗan ƙaramin ɗaki kusa da asibiti, muka ba da gidan haya a ɓoye. A ɓoye, domin bashin na gidan zama ne, sharaɗinsa wanda ya ci bashin shi zai zauna a ciki. Shi ya sa muka bar allon sunanmu a jikin ƙofa, duk mai wucewa ya ɗauka Kuramochi suna nan. Da farko kuɗin hayar banki yake tafiya. Daga baya ya koma magani da masu jinya. Daga nan muka daina buɗe wasiƙun banki.

Gidan ya tsufa, unguwar ta koma ta tsofaffi, abin da za a saye shi bai kai bashin da ya rage ba. Hanya biyu ce tak. Ko banki ya yarda mu sayar da kanmu a kan abin da ya samu, ya saki jinginar, sauran mu riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ko kuma su miƙa wa kotu ta yi gwanjonsa a wulaƙance, a sa hoton ɗakin kwanan iyayena kowa ya gani, ragowar bashin ya ninka a kan Mama. Sun ba mu zuwa ƙarshen Yuli.

"Ranar Juma'a ma'aikacinsu zai zo ya ga gidan," in ji Malam Ebisawa. "Nukui sunansa. Idan waɗanda suka ci bashin ne a ciki, sukan tausaya su bar musu kuɗin ƙaura daga cikin cinikin, su kuma ɗaga musu ƙafa har lokacin kaka. Idan kuwa suka tarar da 'yan hayar da ba su san da su ba, ni dai ban san irin fuskar da za su yi ba."

Mama ta dawo daga masana'antar abincin kwali inda take aiki, shatin hular aiki a goshinta, hannunta na warin ruwan tsami. Ta saurare ni tana tsaye, ko jaka ba ta ajiye ba. Baba yana kwance bakin taga. Tun da ya faɗi kalma ɗaya ta rage masa, "yauwa", ita yake faɗa ko yana jin daɗi ko yana jin zafi.

"Ka ce matarka ce," in ji Mama.

"Wa?"

"Shinobu mana, mai hayar gidan. Kai da ita da kakarta kuna zaune a gidan, ni da babanka muna kusa da asibiti na ɗan lokaci. Sunanmu yana ƙofa. Wa zai ce ba haka ba?"

"Mama, kin san abin da kike cewa kuwa?"

"Na sani. Kuɗin ƙaurar ma ita za a ba. Kuɗin ajiyar da ta bayar lokacin da ta shiga, ina kake tsammani za mu samo mu mayar mata?"

Ta je wurin wanke-wanke ta shafa sabulu a yatsa, ta yi ta murzawa har zoben aurenta ya fita. Ta ɗora mini a tafin hannu, da sauran kumfa a jikinsa.

Da na gaya wa Malam Ebisawa shirin, ya yi tari. "Ni fa kunnena na hagu ba ya ji tun ina yaro," ya ce, "kuma da shi na saurare ka."

Ranar Laraba na tafi. Bari in gaya muku wace ce Tateno Shinobu, ko da yake duk yadda na kwatanta ta sai in ga ban yi daidai ba. Ta girme ni da shekara biyu, tana aiki a wani kantin magani. Ba doguwa ba ce, tana da ɗan tabo a haɓa, kuma idan za ta yi maka tsiya sai ta fara gyara gilashinta da bayan hannu. Ita kaɗai take riƙe da kakarta, Kaka Tome, wadda idonta ya kusa tafiya gaba ɗaya, hankalinta ma yana zuwa yana komawa. Kaka ta haddace gidan da tafin hannunta. Bango ya yi duhu a daidai inda take shafawa, daga ɗakinta zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa kicin.

Na tura ƙofa, na tsaya a wurin cire takalma, na ɗan rusuna.

"Zan ɗan dame ku."

Abin da kowane baƙo yake faɗa ke nan kafin ya hau kan dandamalin gidan mutane. Ɗan gida kuwa "Na dawo" yake cewa. A gidan aka haife ni, tsayina yana nan a zane jikin ginshiƙin kicin, amma tun ranar da suka shiga ban taɓa shiga da wata kalma ba sai ta baƙo.

Daga can ciki Kaka ta amsa kamar kullum, "Sannu da dawowa." Ta ɗauka ni ne ɗanta, mahaifin Shinobu, wanda ya rasu tun Shinobu tana ƙarama. Ba wanda ya taɓa gyara mata.

Shinobu ta leƙo, tana sanye da tsohuwar riga ruwan toka, gashinta a ɗaure da robar da ake ɗaure kayan miya. Ta ajiye mini silifan baƙi, ta juyo da su wajena.

"A'a, maigida ne da kansa, kuma ba ƙarshen wata ba? Ko haya aka ƙara?"

Haka take kirana, maigida, tana jan kalmar don ta ga kunnena ya yi ja.

Na same su sun baza jarida a ƙasa, sun zube 'ya'yan ume, wani ɗan itace mai tsami da ake adanawa cikin gishiri, da suka tsinko daga bishiyar bayan gida, wadda Baba ya shuka shekarar da aka haife ni. Shinobu tana cire musu guntun reshen da ke kansu, mai kama da ƙusa, da tsinken sakace, Kaka tana gogewa ɗaya bayan ɗaya tana jerawa cikin wani tulu mai ruwan ƙasa, tana barbaɗa gishiri. Na zauna na faɗi komai. Shinobu ba ta ɗago ba.

"Wato sayarwa za a yi."

"Eh."

"Kuma mai sayen ba ya son mu a ciki."

"Yana da yara uku."

"Su rayu." Ta cire wata ƙusar. "Na san za a zo nan. Wasiƙun da nake ajiye maka sun canza launi tun bara."

Na yi mata bayanin Juma'a. Na ce idan abin ya yiwu, kuɗin ƙaurar nata ne, kuma za ta samu har lokacin kaka ta nemi wuri mai kyau a ƙasa, inda Kaka ba za ta hau bene ba. Sannan na zaro zoben daga aljihu. Ta karɓa ta kai hanci.

"Haka ake neman aure a gidanku? Da warin sabulun wanke-wanke?"

"Na awa ɗaya ne."

"Kowane namiji haka yake cewa." Ta sa, ya yi mata yawa, ta naɗa zare a ciki. "To ji nan, maigida. Ni zan iya nawa. Kai ne abin ji. Shekara biyu kana shigowa kamar mai karanta mitar wuta. Ka koyi cewa 'Na dawo'."

"Ai ba wuya."

"Faɗa in ji."

Na buɗe baki, dariya ta ƙwace mini, ita ma ta yi. Kaka ta ɗaga kai wajen muryoyinmu ta ce, "Waɗannan sai rana ta fito bayan damina a shanya su. Kada wanda ya taɓa mini tulu kafin nan."

Ranar Alhamis na kai mata rigar aikina da tsofaffin takalmana ta jera a ƙofa. Ina cikin motar kaya muna jiran danja saƙonninta suka fara shigowa.

"Buroshin haƙorinka shuɗi ne. Kada ka nuna na Kaka."

Na rubuta, "Me miji yake kiran matarsa?"

"Ya danganta da laifin da ya yi."

Can kuma, "Me za ka ce a ƙofa?"

"Na dawo."

"Sannu da dawowa. Ka gani, bai yi ciwo ba."

Masu karatu, ba zan ɓoye muku ba, saƙon nan na ƙarshe na karanta shi har direbanmu ya ce ko in ajiye wayar ko ya jefa ta a kwata. Duk ranar ina ɗaukar firij da katifun mutane ina maimaitawa a zuciyata, na dawo, na dawo.

Juma'a ma da ruwa ta zo. Na tarbi Malam Nukui a tasha. Siririn mutum ne mai furfura a gefe, kwat baƙa, laima baƙa, jakarsa a rungume a ƙirji don kada ta jiƙe. Ya ba ni katinsa da hannu biyu, ya tambayi jikin Baba da murya mai taushi. Ni na zaci zan ga mugu. Da mugu ne da ya fi mini sauƙi. Malam Ebisawa yana binmu a baya yana ta zuba zance a kan kyawun unguwa.

Muka iso. Malam Nukui ya tsaya ya dubi allon suna, ya gyaɗa kai. Na tura ƙofa.

Tana tsaye a kan dandamali. Ta sa siket mai ruwan bula da farar riga, ta ɗaura gyauton girki a kai, ta saki gashinta, abin da ban taɓa gani ba. Zoben Mama yana yatsanta. Ƙanshin miya yana fitowa daga kicin, takalmana suna jere kusa da nata, rigata tana rataye a ƙusar da Baba yake rataye tasa. Ta dube ni da murmushi tana jira. Na ji kamar na leƙa rayuwar wani mutum mai sa'a ta taga, rayuwar da ban isa in taka da ƙazamar safata ba.

Bayana ya rusuna da kansa. Bakina ya ce, "Zan ɗan dame ku."

Ruwa yana ɗiga daga laima zuwa kan siminti. Murmushin Shinobu bai gushe ba, amma ya daskare.

Daga ciki Kaka ta ce, "Sannu da dawowa."

"Kullum sai ya yi wannan wasan," in ji Shinobu da sauri. "Shigo mana, kai. Bismillah ku shigo, ku yi haƙuri da gidan."

Malam Nukui ya cire takalmi ya juya su ya jera. Ya zaga ɗaki-ɗaki, ya duba rufi, ya taɓa inda bango ya yi danshi, ya ɗauki hotuna. Ya sha shayin sha'ir ɗin da ta ba shi, ya yaba. Ya durƙusa ya gaida Kaka, ta ba shi labarin tulunta, ya saurara har ƙarshe. Bai yi tambaya ko ɗaya ba. Har na fara cewa ko bai ji ba.

Sai da muka fito bakin ƙofar waje ya buɗe laimarsa, ya tsaya kusa da allon suna.

"Malam Kuramochi, na daɗe ina shiga gidajen mutane a ranakun da ba sa son ganina. Na ga mai kuka, na ga mai zagi. Ban taɓa ganin wanda ya nemi gafara kafin ya shiga gidansa ba." Ya dube ni ba tare da fushi ba. "Tun yaushe suke haya?"

Malam Ebisawa ya shiga kallon sama kamar shi ne mai kula da ruwan.

"Shekara biyu," na ce.

"Na gode da ba ka sa na sake tambaya ba. Dole in rubuta abin da na gani."

Ya rusuna, ya tafi.

Amsarsu ta zo a makon da ya biyo. Malam Ebisawa ya kira ni wani shagon shayi kusa da tasha, ya saya mini kofi, abin da bai taɓa yi ba. Daga nan na san ba lafiya.

"Ba su ƙi ba," ya ce. "Da sun ga dama da sun rufe maganar, kotu kawai. Nukui ne ya tsaya. Amma da sharaɗi. Babu kuɗin ƙaura, ko yen ɗaya, tunda waɗanda suka ci bashin ba sa ciki. Babu jira har kaka, a miƙa gida babu kowa kafin ƙarshen Yuli. Kuma suna son hatimin 'yar hayar a kan takarda, cewa da son ranta za ta fita, ba ta neman komai daga kuɗin cinikin."

"Kuɗin ajiyarta fa?"

"Tsakaninku da ita ne."

"Idan ta ƙi?"

"Tana da iko. Doka tana bayanta, ba wanda zai fitar da ita. Ko gwanjo aka yi sai an ba ta wata shida. Ni da ni ne ita, ɗan samari, ko hatimin ba zan nemo ba." Ya kurɓi kofinsa. "Kalma biyu aka ce ka faɗa. Biyu. Aku ma yana iyawa."

Mama ba ta yi mini faɗa ba. Ta zauna gefen gadon Baba tana yanke masa farce.

"Yarinyar nan tana son ka," ta ce. "Tun ranar da ta aiko maka da laima na sani."

"Ba ruwan wannan da wancan."

"Da ruwansa. Ka je ka yi mata magana mai daɗi. Mace idan ta ga inda za ta, ba ta riƙe inda take."

"So kike in yaudare ta?"

"Ƙarya za ka yi idan ka ce kana son ta?"

Na kau da kai wajen taga.

"To ka gani." Ta kama ɗaya hannun Baba, wanda ba ya motsi. "Shekarata hamsin da takwas, Rikiya. A tsaye nake aiki. Idan aka yi gwanjo, abin da zai hau kaina ko na kai tamanin ina tsaye ba zan gama ba. Kai kuma gobe ƙafarka ta yi ƙaiƙayi ka bar aikin nan kamar sauran. Ban taɓa roƙonka komai ba. Makaranta ma da ka bari ban roƙe ka ba."

Baba yana kallon rufi, hawaye na gangarowa ta gefen idon da yake aiki. "Yauwa," ya ce.

Na je ranar Lahadi da rana, takardar tana cikin leda a ƙirjina. Na tura ƙofa na tsaya. Na rasa wadda zan faɗa, sai ban faɗi ko ɗaya ba.

"Yau babu gaisuwa gaba ɗaya?" in ji Shinobu. Ta koma tsohuwar rigarta da robar kayan miya. Silifan baƙi suna nan a juye suna jirana.

Kaka tana barci. Muka zauna a kicin, teburi a tsakaninmu. Na shimfiɗa takardar na yi bayani, kaina a ƙasa. Ta karanta har ƙarshe, ta sake komawa farko. Sai na ji maganar ta fito tun ban shirya mata wuri ba.

"Shinobu, idan wannan ya wuce, mu yi na gaske. Auren. Zan tsaya a aikin nan, ba zan ƙara bari ba. Mu nemi wuri da ke da ni da Kaka. Ba wasa nake ba."

Ta gyara gilashinta da bayan hannu. Na jira tsiya, ba ta zo ba.

"Na je ofishin ƙaramar hukuma ranar Talata," ta ce. "Akwai lauyan da yake ba da shawara kyauta. Na san zan iya zama a nan har sanyi ya shigo, har ya wuce ma."

"Na sani."

"Ka sani, ka zo da wannan." Ta taɓa takardar. "Da wannan." Ta nuna bakina.

"Ba haɗe suke ba."

"A leda ɗaya ka kawo su, Rikiya." Karon farko ke nan da ta kira sunana. "Da ka faɗa mini ranar da muke gyaran ume, da na san taka ce. Da ka bari sai komai ya wuce ka zo hannu wofi, da na san taka ce. Yau ban sani ba, taka ce, ta mamanka ce, ko ta banki. Kuma ka dube ni da kyau, kai ma ba ka sani ba."

Na buɗe baki in rantse. Masu karatu, ina son ta, wannan ko yanzu aka tashe ni daga barci zan faɗa. Amma da ba don takardar ba, da na samu ƙarfin faɗa a ranar? Shekara biyu ban samu ba. Na rufe bakina.

Ta tashi ta buɗe aljihun kabad, ta ɗauko hatiminta da jar tawada.

"Ba sai kin yi ba," na ce, kuma na ji kunyar yadda muryata ta fito, domin rabina yana addu'a ta yi.

"Na sani ba sai na yi ba. Idan na zauna, kullum na buɗe abincin kwali zan ga mamanka a tsaye tana biyan wata shidana. Ba zan iya haɗiya ba." Ta hura hatimin, ta danna shi a hankali, ta ɗaga. Jan da'ira, ba ta karkace ba. Ta zare zoben, ta warware zaren da ta naɗa, ta ɗora shi a kan takardar. "Ka gaida ta. Kuma ranar ƙaura kada ka zo da motarku. Zan ɗauki wasu."

Banki ya amince. Mai sa hannun shari'a ya zo har bakin gado ya tambayi Baba ko da yardarsa za a sayar da gidan. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce "Yauwa", mutumin ya rubuta cewa ya yarda. Mama ta riƙe masa hannun hagu aka danna hatimi. Malam Ebisawa ya buga kafaɗata ya ce a sana'arsu wannan shi ake kira nasara.

Shinobu ta samu ɗaki a hawa na biyu a wata unguwa can bayan kogi, abin da kuɗinta ya iya ke nan cikin gaggawa. Maƙwabciyarsu ta dā ce ta gaya mini sauran. Kaka ta tashi tana laluben bangon da ta sani, hannunta ya sami iska, ta faɗi ta karya ƙugu. Daga asibiti gidan kula da tsofaffi aka wuce da ita.

Ranar miƙa makulli damina ta riga ta ɗauke, rana ta fito da zafinta, irin ranar da Kaka take jira. Na je da sukudireba in cire allon suna. Na tura ƙofa. An share gidan tas, an goge har shatin hannun Kaka a bango, sai dai bai fita duka ba. Babu silifan baƙi. A kan dandamali, daidai tsakiya, tulun nan ne mai ruwan ƙasa, an ɗaure bakinsa da takarda da igiya, ba a taɓa shi ba.

Na tsaya a wurin cire takalma. Wannan karon bayana bai rusuna ba.

"Na dawo," na ce.

Gidan da babu kaya yana da amsa-kuwa. Abin da na samu ke nan.

Na yi mata saƙo sau da yawa. Kowanne yana nuna an karanta, ba amsa. Sai shekaranjiya, ina cin abinci a bayan mota, guda ɗaya ya shigo.

"Kaka tana tambaya kullum da yamma ko yaron ya dawo. Ban san me zan ce mata ba. Na faɗa maka ne don ka sani. Kada ka amsa."

Ga lissafin, tunda kun bi ni har nan. Gida ya tafi, da bishiyar ume, sabon mai gida ya ce zai sare ta ya yi wurin ajiye mota. Ginshiƙin da aka zana tsayina ya tafi. Kuɗin ajiyar Shinobu, yen dubu ɗari da sittin, sun tafi, ban mayar ba tukuna. Wata shidan da doka ta ba ta sun tafi. Ƙugun Kaka ya tafi, da bangon da ta sani. Mama za ta riƙa biyan ragowar bashin duk wata, zoben ya koma yatsanta amma ta daina kallona idan muna cin abinci. Babu mai ce mini maigida.

Abin da ya rage a hannuna, allon katako mai sunanmu, da tulun da na shanya abin cikinsa a kan rufin motar aiki don ban san wani wuri ba, da sunan gidan tsofaffin da na roƙa wurin maƙwabciya. Ana barin baƙi su shiga ranar Lahadi. Ban san da wace gaisuwa zan shiga ba.